AN KORI DILA, AN BAR MU DA BOKA

Tun daga 1990 da ƙungiyar Tumbin Giwa ta saki Turmin Danya, yau fiye da shekara talatin ke nan ana shirya finafinan Hausa na bidiyo a Kano. An yi zamanin kaset, an yi na faifan sidi, ga mu yanzu a zamanin masu dogon zango da ake sakawa a YouTube duk mako. A tsawon wannan lokaci 'yan fim ɗinmu sun yi ta jan boka daga wannan fim zuwa wancan, har jan ƙyallen da ake rataya masa a bango ya koɗe. Amma dila, wanda Bahaushe ya yi wa kirari da malamin daji, ko gayyatarsa lokeshin ba a yi. Mai musu ya zauna ya ƙirga finafinan da ya kalla masu boka a ciki, sannan ya ƙirga waɗanda aka gina a kan labarin dila ko halinsa. A lissafi na biyu yatsun hannu ɗaya sun ishe shi, har da canji.

Wani zai ce, to a kan naman daji ne za a tada jijiyar wuya? Eh, a kansa ne, domin da aka kore shi da darasinsa ya tafi. Tatsuniyar dila tana koya wa yaro cewa mai ƙarfi da mayaudari duk ana iya kayar da su da hankali. Fim ɗin boka kuwa yana koya masa cewa duk abin da ya same ka wani ne ya yi maka, kuma maganin yana hannun wani mai ƙaho da ƙwarya. Wanda ya tashi da darasi na farko, in matsala ta zo sai ya zauna ya yi tunani. Wanda ya tashi da na biyu sai ya waiga ya nemi wanda zai zarga, kuma mu a ƙauyukanmu na Gwarzo da Kabo mun san a kan wa yatsan ya fi sauka: tsohuwar da ba ta da ɗa namiji da zai tsaya mata.

Kafin mu yi nisa, mai karatu, bari mu daidaita suna. Dabbobi biyu ne a dajinmu masu kama da ƙaramin kare. Akwai dila, akwai kuma yanyawa, 'yar ƙarama mai manyan kunnuwa da ke haƙa rami a jigawa tana fita da dare. Mai wayon da ke cikin labaran Turawa da Japanawa da Sinawa, a jini ɗan'uwan yanyawa ne, amma aikin da yake yi a tatsuniyarsu, a nan dila ne yake yin sa. Saboda haka duk zan kira su dila, kada mu ɓata lokaci.

Me dila yake yi a tatsuniyar Bahaushe? Ɗauki labarin rabon nama. Zaki da kura da dila suka fita farauta, suka kamo gwanki da barewa da zomo. Zaki ya ce kura ta raba. Uwar kwaɗayi ta ce gwanki na sarki, barewa tata, zomo na dila. Zaki ya kai mata mari har ido ya zazzago. Ya juya ya ce dila ya raba. Dila ya ce gwanki na kalacin sarki ne, barewa ta abincin darensa, zomo kuma ya yi sakace da shi. Zaki ya ji daɗi ya ce wa ya koya maka adalci haka? Dila ya ce idon kura. Don Allah a duba wannan labari da kyau. Babu tsafi a ciki, babu aljani, amma an faɗi duk abin da ake so a faɗa a kan mulkin danniya da yadda talaka ke tsira da ransa a gaban mai iko, kuma an faɗa ta hanyar da sarkin da kansa zai yi dariya. Furodusan da ke kukan wai ba a barin sa ya taɓa 'yan siyasa a fim, ga hanya nan kakarsa ta bar masa.

Ga wani kuma wanda ya fi dacewa da zancenmu. Dila ya tarar da zakara a kan bishiya da asuba ya gama cara. Ya yi sallama cikin ladabi, ya ce ladan, na ji kiran salla, sauko mu yi jam'i. Zakara ya ce to, amma ga liman can kwance a gindin bishiya, tashe shi. Dila ya leƙa sai ya ga ƙaton kare. Ya zura da gudu. Zakara ya ce malam ina zuwa, lokaci zai fita? Dila ya ce alwalata ce ta karye. Ka ji fa! Ashe tun kafin a haifi kakan mai kyamara, Bahaushe ya san akwai ɓarawon da ke shigowa da rigar malanta, kuma ya san maganinsa, wato a gane shi a yi masa dariya. Dila a nan shi ne ɗan damfarar, kuma zakara ne ya kayar da shi. A wani labarin shi ne alƙalin da ya ceci mutumin da ya fitar da maciji daga wahala macijin ya ce sai ya sare shi, inda dila ya ce shi bai gane shari'ar ba sai maciji ya koma inda aka same shi ya gani da idonsa. Yau ɓarawo, gobe alƙali. Irin wannan hali mai fuska biyu shi ne abin da duk marubucin kirki yake nema ido rufe, mu kuwa jarumanmu ko dai mala'iku ne ko shaiɗanu, babu na tsakiya.

Kuma kada wani ya ce labaran sun ɓace. Frank Edgar ya buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913, kuma malaman Hausa ne suka rubuta masa su da ajami. Marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya tara Tatsuniyoyi da Wasanni littafi shida a farkon shekarun 1970. Alhaji Abubakar Imam a Magana Jari Ce aku ya sa ya zama mai ba da labari har ya kai waziri. Ban da waɗannan, a Getso da Kutama da Lakwaya da Garo har gobe akwai tsofaffin da in ka zauna da su dare ɗaya za ka tashi da labarin fim uku. Kaya na nan jibge, masu ɗauka ne babu.

Yanzu mu leƙa ɗakin bokan fim. Ai kowa ya haddace shi. Kogon dutse ko bukka a bayan gari, jan ƙyalle da baƙi, ƙahonni, ƙwarya mai hayaƙi, mutum ya shafa gawayi a fuska yana wata irin dariya da edita ya ƙara wa amsa-kuwwa. Hajiya ta zo da ƙawarta, a ce kada ta yi sallama, ta shigo da baya. Ta ce kishiya take so a haukata ko miji take so a mallake. Boka ya ce an gama. Kuma wallahi sai a gama ɗin! Kishiya ta haukace, miji ya zama rago sai abin da aka ce masa, dukiya ta dawo hannun muguwa. Haka za a yi ta tafiya, in fim ɗin awa biyu ne asiri yana ci awa ɗaya da minti hamsin, in mai dogon zango ne yana ci har zango na uku. Sai a minti biyar na ƙarshe a kawo wani malami da carbi ya yi addu'a, muguwa ta haukace ta shiga bola, a rubuta alhamdulillahi. Dabba kuwa in ta fito a irin wannan fim, to baƙar mage ce ko mujiya ko maciji, kuma ma'anarta ɗaya: wata tsohuwa ce ta rikiɗa.

'Yan fim za su ce ai faɗakarwa muke, mun nuna ƙarshen mai zuwa wurin boka. Haba jama'a! Mu yi wa juna adalci. Matar da kishiya ta hana ta barci, ta kalli fim ta ga asiri ya yi aiki tsaf na tsawon shekaru, wane saƙo kuke zaton ta ɗauka? Ta ɗauka cewa abin yana ci, sai dai a yi hattara wajen ƙarshe. Ba a taɓa yi wa boka talla irin wadda fim ya yi masa kyauta ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: ɗan wasa ya sha gawayi da hayaƙi a lokeshin, bokan gaske yana gida yana karɓar sababbin kwastomomi. Yau ma ba sai an je bayan gari ba. Buɗe TikTok ko Facebook ka ga masu tallar mallaka da farin jini da buɗin kasuwa, da lambar waya da lambar asusun banki, wasu da rawani wasu da jan ƙyalle irin na fim sak. A da fim ne yake kwaikwayon boka, yanzu boka ne yake kwaikwayon fim. Waɗannan su ne dilan da ke cewa ladan sauko mu yi jam'i, sai dai an raba 'yan kallo da wayon zakara.

Inda abin ya daina zama wasa shi ne zancen maita. Kowa ya san yadda camfin yake: wai maye yana da ƙanƙara a ciki, yana kama kurwar mutum, ana gadon abin, kuma in mara lafiya ya ambaci sunan wani cikin zafin zazzaɓi sai a je a kamo shi a ce ya tsallaka shi. Yaro yana fama da zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai ko sanƙarau, maimakon a nufi asibiti sai a nufi gidan tsohuwa. A 2023, a wani ƙauye a jihar nan tamu ta Kano, wasu mutane suka bi wata tsohuwa 'yar shekara 67 har gonarta suka kashe ta, saboda matar ɗaya daga cikinsu ta yi mafarki wai tana bin ta da wuƙa. A watan Fabrairun 2025 babbar kotun jiha ta yanke wa mutum biyar hukuncin kisa a kan haka. Rai ɗaya ya tafi, biyar suna jiran igiya, gidaje shida sun shiga uku, duk a kan mafarki. Dokar Final Kod da ake aiki da ita a Arewa ta daɗe da haramta jifan mutum da maita, kuma a 2021 majalisar kare haƙƙin ɗan'adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da ƙuduri a kan irin wannan ta'asa. Ban ce fim ne ya riƙe sandar ba, camfin ya girmi kyamara nesa ba kusa ba. Amma wanda ya tarar da gobara ya watsa mata kananzir ba zai ce shi ba ruwansa don ba shi ya ƙyasta ashana ba. Duk fim ɗin da ya nuna tsohuwa ta zama mage da dare, kuma labarin ya tabbatar da cewa zargin gaskiya ne, ya ƙara wa masu sanda ƙarfin gwiwa.

Ba mu kaɗai muka taɓa shiga wannan rami ba, kuma abin mamaki a Japan dilan ne ma da kansa ake zargi. Suna kiransa kitsune. Sun yarda yana rikiɗa ya zama mace kyakkyawa, yana shiga jikin mutum kamar yadda muke cewa iska ta hau wance, kuma in ya tsufa wutsiyarsa tana ƙaruwa har tara. A yankin Izumo akwai gidajen da aka yi wa tambarin cewa suna kiwon dilolin ɓoye suna tura wa maƙwabta, har ya zama ba a auren 'ya'yansu, ba a sayen gonarsu. Ka ga maitarmu sak, har da gudun haɗa zuri'a. To me masu fasaharsu suka yi? Suka ɗauke dabbar daga hannun masu zargi suka mai da ita kayan aiki. Akira Kurosawa, babban daraktansu, a fim ɗinsa na mafarkai na 1990 ya nuna yaro yana leƙen ɗaurin auren diloli a cikin daji ana ruwa ana rana, fitowar da duk wanda ya gani ba ya mantawa. Naruto da ƙannenmu ke cika waya da shi a shagunan tura finafinai na tashar Gwarzo, labarin maraya ne da aka ɗaure dila mai wutsiya tara a cikinsa, gari duka yana ƙyamarsa. Wato labarin yaron da aka ce maye ne, amma an ba da shi daga ɓangaren yaron, har mai kallo ya ji zafin wariyar a jikinsa. Yaranmu sun san sunan dilan Japan, ba su san kirarin nasu ba.

Turawa ma haka. Tun ƙarni na 12 Faransawa ke rubuta labaran wani dila mai suna Renart, wanda ke wasa da hankalin sarki zaki da fadawansa, har sunan nasa ya kori ainihin kalmar dabbar daga harshensu. William Caxton ya buga labarin da Ingilishi a 1481. A tsofaffin majami'un Ingila akwai sassaƙen dila sanye da rigar limamin coci yana yi wa agwagi wa'azi, wato labarin alwalata ta karye ke nan a wani gari. Kamfanin Disney ya mai da Robin Hood dila a 1973, kuma Zootopia na 2016, wanda dila ɗan damfara da zomanya 'yar sanda ke jan ragamarsa, ya tara fiye da dala biliyan ɗaya a sinimomin duniya. Kuma me fim ɗin yake cewa? Kada a yanke wa mutum hukunci saboda zuri'ar da ya fito.

Har masu sabon addinin tsafi na Turai sun shigo layi. Bayan Ingila ta soke dokar hukunta maita a 1951, wani Gerald Gardner ya fito fili a 1954 da littafi yana cewa shi maye ne, daga nan tafiyar da ake kira Wika ta bazu zuwa Amurka. Yau jikokin wannan tafiya sun cika intanet suna cewa dila ne ruhin da ke yi musu jagora, suna sayar da kyandir da kati da sarƙa mai hotonsa. Wannan shirme ne, kuma mu Musulmi mun san hukuncinsa. Abin lura dai shi ne, ƙasashen da a ƙarni na 16 da na 17 suka rataye ko suka ƙona dubban mata da sunan maita, yau abin ya zama musu kayan kwalliya, ba a kashe kowa. Mu kuwa a kanmu abin jini ne. Shi ya sa ɗan fim ɗin Hausa ba shi da damar yin wasa da wannan batu yadda Bature zai yi.

Na san amsoshin da za a ba ni, don an saba ba da su. Ta farko, wai tatsuniya ƙarya ce, kuma sa dabba ta yi magana bai dace da tarbiyyar Musulunci ba. To Kalila wa Dimna fa? Ibnul Muƙaffa ya fassara shi zuwa Larabci tun ƙarni na 8, malamai da sarakunan Musulmi suka yi ta karanta shi fiye da shekara dubu, kuma Kalila da Dimna ɗin nan diloli ne guda biyu a fadar zaki. Asalin littafin ma daga Indiya yake. Abin dariya, mun kwaso wa Indiya rawa a gindin bishiya da soyayyar mutum uku, mun bar musu dilansu wanda shi ne ya fi kama da namu. Sannan a gaya mini, tsakanin dilan da kowane yaro ya san misali ne, da bokan da ake nuna yana juya ƙaddarar mutane yadda ya ga dama, wanne ya fi barazana ga tauhidi?

Ta biyu, wai katun sai da kuɗi da na'urori. A nan sai in tuna wa 'yan'uwa Moustapha Alassane na Jamhuriyar Nijar, wanda ya yi zamansa a Tawa ya rasu a 2015. Tun 1966 ya zana kwaɗi da hannunsa ya yi Bon Voyage Sim, inda ya yi wa shugabannin Afirka masu yawon ziyara shaguɓe, daga baya ya yi Kokoa, kokawar gargajiya da dabbobi ke yi. Lokacin da ya fara ba shi da kwamfuta, ba shi da rabin abin da ke cikin wayar da ke aljihun kowane furodusa a Zoo Road. Kuma wa ya ce dole sai an zana dabba? Dila hali ne. Marigayi Rabilu Musa Ibro, Allah ya jiƙansa, wanda ya rasu a 2014, me ya sa ƙauye da birni suka so shi? Saboda sau da yawa dila yake fitowa da rigar mutum: talaka mai dabara da ke shiga tsakanin masu kuɗi da masu iko, wani lokaci ya ci, wani lokaci dabarar ta juye masa. Jama'a sun gane shi don sun san shi tun a tatsuniya.

Ta uku, wai kasuwa ba ta son gargajiya. Wannan ma ba ta tsaya ba. Kamfanin Sarauniya ya ɗauko Daskin da Riɗi daga tatsuniya kai tsaye, kuma Sangaya da ya girgiza kasuwar kaset a gidan sarauta na gargajiya aka gina shi. A waje kuwa ga Kirikou na 1998, wanda Bafaranshe Michel Ocelot ya gina a kan labaran Afirka ta Yamma. Akwai mayya a ciki, Karaba, gari duka yana tsoronta. Amma yaron bai tsaya tsoro ba, tambaya ɗaya ya riƙe: me ya sa take mugunta? Da ya bi diddigi sai ya gano ƙaya ce wasu maza suka soka mata a gadon baya take azabtar da ita, ya cire, mugunta ta ƙare. Ga yadda ake fim ɗin maita mai hankali. Bature ya zo ya ɗebi namu ya yi, mu muna nan muna shafa wa tsofaffi gawayi.

Abin haushin ma, ko gargajiyar tsafin da ake cewa ana nunawa ba a san ta ba. Bokan fim ba shi da asali a ko'ina, haɗin gambiza ne na finafinan Kudu da na Indiya. Joseph Greenberg ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano a 1938 zuwa 1939, ya fitar da littafi a 1946 a kan iskokinsu, ciki har da Kure, iska mai siffar namijin kura. Fremont Besmer ya rubuta nasa a kan 'yan borin Kano a 1983, da birnin Jangare da gidajen iskoki da kiɗan kowannensu na garaya ko goge. Can ƙasar Mali, Dogon suna zana layuka a kan rairayi da yamma su watsa gyaɗa, da safe su zo su karanta sawun yanyawa a matsayin duba, har Marcel Griaule da Germaine Dieterlen suka sa wa littafinsu na 1965 sunanta. Ba cewa nake a koma bori ko duba ba, Allah ya tsare. Cewa nake wanda zai soki abu ya fara saninsa. Souleymane Cissé ya san asirin Bambara ciki da waje kafin ya yi Yeelen, shi ya sa fim ɗin ya ci kyauta a bikin Kan na Faransa a 1987, kuma abin da ya nuna shi ne yadda masu asiri ke zaluntar na ƙasa da su, har uba ya nemi ran ɗansa.

Ba ina kiran Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ta kawo almakashi ba ne. Tun kafa ta a 2001 an ga yanka iri-iri, kuma yanka bai taɓa haifar da labari mai kyau ba. A 2024 hukumar tace finafinai ta ƙasa ta sanar da hana tallata tsafin kuɗi a fim, amma doka iyakarta ta hana, ba ta iya rubuta wa kowa labari. Gyaran yana hannun marubuta da daraktoci, kuma ba shi da tsada. In za a sa boka, a nuna mana yadda yake aikin: yaran da yake turawa su tattaro masa sirrin gida, ƙawar da ke kawo hajiya tana karɓar kasonta, layar da shi ya binne da dare ya zo ya tono da rana. A bar asirin ya ƙi ci ko sau ɗaya, mu ga yadda zai ce ai an karya sharaɗi ne a ƙaro kuɗi. In za a yi fim ɗin maita, a ajiye kyamara a ɗakin tsohuwar da ake zargi, mu ga jikarta da aka fasa aurenta, mu ga ma'aikacin asibitin da ya zo ya ce sanƙarau ne bayan an riga an rushe gida. A ba mu jaruma mai kaifin basira da za ta kwance makircin kishiya da dabara, ba sai an jira malami ya faɗo daga sama a minti biyar na ƙarshe ba. Addu'a gaskiya ce, amma Wanda ake roƙo Shi ne ya ba mu hankali ya ce mu yi aiki da shi.

Ga masu katun da ke tasowa a Kano da Kaduna kuma, labarin zakara da dila minti huɗu ne kacal. Murya uku, bishiya ɗaya, kare ɗaya. Wanda ya yi shi da kyau zai ga yadda zai zagaya wayoyin Arewa da Nijar kafin sati, kuma duk yaron da ya kalla, ranar da wani mai rawani ko mai jan ƙyalle ya ce masa turo kuɗi a buɗe maka sa'a, zai tuna ya ce a tashi liman tukuna.

'Yan fim suna yawan cewa su madubin al'umma ne. To madubin ya daɗe yana nuna mana fuskar boka kaɗai, alhali al'ummar da ta ƙirƙiro dila da gizo ba ta matsorata ba ce, ta masu wayo ce da suka iya yi wa zaki dariya a gabansa. Ku dawo mana da malamin daji. Boka ya ci kasuwarsa ya isa haka, kuma tsofaffinmu na ƙauye sun biya kuɗin da ba su ci ba. Allah ya sa a gyara, amin.